Kwasakwasan Ƙarfe Uku

Ranar Talata ta makon Ista kwasakwasan garin Brannock, manyan tsuntsayen ruwan nan masu dogon baki, suka tafi, su talatin da ɗaya, babu wanda ya tsaya yin sallama.

Glenys Pardoe ta fito ƙarfe uku saura kwata kamar kullum, da malfarta da lasifikar hannu, mijinta Clarrie yana biye da ita da bokitin kawunan kifi. Baƙi sun cika benci uku na gadar masunta, kowa ya ɗaga waya yana jira. Ta dubi turakun da tsuntsayen suke zama a kai, ba ta ga komai ba sai kashinsu. Ta dubi bakin kogi, ta dubi rufin shagon kifi. Har ƙarƙashin gada sai da ta leƙa, da shekara saba'in da ɗaya a kanta da gwiwa mai ciwo.

"Suna hanya," ta faɗa a lasifika. "Wani lokaci sukan tsaya gaisawa."

Baƙi suka yi dariya. Ƙarfe uku da rabi suka daina dariya. Ƙarfe huɗu direba ya danna hon, suka koma mota suna gunaguni.

Gaskiya ɗaya ce, Brannock ba ta da wani abin nunawa. Rairayi da teku kowane gari na gaɓar nan yana da nasa. Garin da ke arewa da mu sun gina jatan lande na siminti mai tsawon bene biyu, mutane suna tsayawa ɗaukar hoto a ƙarƙashin gemunsa. Na kudu suna da kifayen nan manya masu feso ruwa. Mu kwasakwasa muke da su, ƙarfe uku na kowace rana, shekara ashirin da tara ba fashi. Haka aka rubuta a allon shiga gari, da manyan baƙaƙe.

Clarrie ne ya fara, tun yana masunci, yana watsa musu ragowar kifi idan ya dawo daga ruwa. Shi ne kuma ya kafa al'adar da ta hana rabin gari barci: duk sabon tsuntsun da ya zo, sai a raɗa masa sunan mutumin garin da ya fi kama da shi, kuma ba a ɗaukaka ƙara. Akwai Noelene, mai hayaniya da cizo, takwarar Noelene Sproule shugabar ƙungiyar 'yan kasuwa. Akwai Fada, mai zuwa a makare ya tsaya ido rufe, takwaran Fada Dominic na cocin kan tudu. Akwai kuma Lyle, ƙato mai tumbi, wanda yakan haɗiye nasa ya zura baki cikin jakar maƙogwaron na kusa da shi ya ɗebe. Lyle Tuckwell mahauci bai yafe ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan bai taka gadar nan ba, kuma duk lokacin da Clarrie ya aika sayen nama, ƙashi yake cika masa.

Wannan kowa ya sani. Abin da Glenys kaɗai ta sani shi ne abin da ƙarfe uku yake yi wa mijinta.

Shekara uku ke nan tunanin Clarrie yana zubewa. Da farko makullai ne, sai sunayen jikoki, sai hanyar gida. Yanzu da safe idan ta kawo masa shayi yakan miƙe tsaye da ladabi ya ce, "Sannu, baiwar Allah. Ko kin ga matata?" Ita kuma ta ce ta je kasuwa, yanzu za ta dawo, domin ta gwada faɗa masa gaskiya sau biyu, sau biyun kuma kuka ya yi. Amma da zarar ya riƙe bokitin nan a kan gada, tsuntsaye suka taso suna ture juna, sai mutumin ya dawo cikin jikinsa. Ya san kowane tsuntsu. Ya kuma taɓa gwiwar hannunta ya ce, "Glenys, sa ido a kan Lyle, zai yi halin nasa." Minti ashirin ne, wani lokaci ashirin da biyar. A kansu take rayuwa, kuma ba ta jin kunyar hakan.

Ranar Talatar nan bai kira sunanta ba. Ya tsaya da bokiti yana kallon ruwa har ta kama hannunsa suka tafi.

Da safiyar Laraba ta buga waya ofishin masu binciken tsuntsaye a birni. Wani mutum mai fara'a ya ɗauka, irin fara'ar da ke sa ka ji kamar ka shaƙe mai ita.

"Ai albishir ne, Misis Pardoe! Ruwa ya sauka can tsakiyar ƙasa, babban tafkin gishiri ya cika. Duk kwasakwasan gaɓa sun nufi can, aure da ƙyanƙyasa."

"Wa ya gaya musu?"

"Ba wanda ya sani. Abin sha'awar ke nan."

"Kilomita nawa ne?"

"Dubu da ɗari biyar, ko fiye."

"To yaushe za su dawo? Muna da motocin baƙi uku ranar Asabar."

Mutumin ya yi dariya. "Wata shida. Wataƙila shekara biyu. Ya danganta da tafkin."

Ta ajiye wayar a hankali. Shekara ashirin da tara tana ciyar da su kyauta, a ruwa da rana, har ranar auren 'yarta sai da ta fita da kayan biki ta jefa musu kifi. Su kuma an ce musu ana shagali a jeji, sun kwashe sun tafi. Ranta ya ɓaci ƙwarai, irin ɓacin ran da ake yi da dangi.

Noelene Sproule ba ta zauna ba. Kafin azahar ta kwashe duk kwasakwasan roba da ke shagon kayan adon lambu, guda tara, ta sa aka ɗaure su a kan turaku da igiyar kamun kifi. Daga nesa ba laifi. Sai iskar ƙarfe uku ta taso ta ɗebe biyu ta jefa a teku, suka bi ruwa kai a ƙasa. Wata baƙuwa ta jefa wa na uku kan kifi, ya ce ƙwal, kan ya dawo ya faɗa mata a jaka. Clarrie ya dubi robobin, ya dubi hannunsa.

"Baiwar Allah, bokitin nan na wane ne?"

Ranar Alhamis Fada Dominic ya ba da aron dinyoyinsa guda huɗu, ya ce ai fari fari ne, tsuntsu tsuntsu ne. Dinyoyin ba su kalli kifi ba. Baƙi suka kalla. Sun kori wani dattijo mai gajeren wando tun daga gada har ƙofar banɗakin jama'a, inda ya kulle kansa ya ƙi fitowa sai da aka kira matarsa ta yi masa magana ta taga.

Ranar Juma'a bayan an taso daga coci aka yi taro a zauren masu ceton ninkaya. An cika, har da waɗanda ba su zuwa komai sai jana'iza. Wani ya ce a ɗauki motar ɗaukar kaya a je tafkin a ɗebo su. Aka tambaye shi yadda zai gane namu cikin dubu hamsin, ya ce ai su za su gane shi. Wani ya ce a goge allon shiga gari. Aka yi masa caa har ya zauna. Wata ta ce a gina kwasakwasan siminti wanda ya fi jatan landen 'yan arewa tsawo, kafin gobe.

Noelene ta buga cokali a kofi.

"Ku saurara. Me baƙi suke zuwa gani? Noelene da Fada da Lyle da sauransu. Haka aka rubuta a takardar da muke raba musu. To ga Noelene." Ta nuna ƙirjinta. "Ga Fada. Duk wanda ke da tsuntsu a garin nan, gobe shi zai tsaya wa tsuntsunsa. An ci sunanmu shekara da shekaru, yanzu sai mu ci kifin."

A wani garin, da nan take an kira mata likita. A Brannock kuwa, abin da aka fara tambaya shi ne wa zai ɗinka fukafukai.

"Ni dai ido rufe kawai zan yi, ko?" in ji Fada Dominic.

"Ka kuma zo a makare, Fada. Ba sai ka koya ba," in ji Noelene.

Mutum goma sha huɗu suka sa hannu. Sauran masu tsuntsaye wasu sun mutu, wasu sun ƙaura, ɗaya kuma yana asibiti an canza masa ƙugu. Lyle Tuckwell, wanda ya zo taron don kawai ya ji daɗin ganin an rasa mafita, ya miƙe ya ce shi ko gawarsa ba za a sa wa bakin tsuntsu ba, ya fita.

Glenys ta san wauta ce. Amma ta ƙirga, yau kwana huɗu ba a kira sunanta a gidanta ba, kuma tsoro ya fara kama ta cewa idan ƙofar nan ta daɗe a rufe ba za ta sake buɗewa ba. Ta kuma san abu ɗaya: in babu ɓarawo a cikin tsuntsayen, babu abin da zai sa Clarrie ya taɓa gwiwar hannunta.

Da sassafen Asabar ta shiga shagon Lyle. Yana jera tsiran alade a gilashi, bai ɗago ba.

"In kan maganar tsuntsu ce, Glenys, ƙofa tana bayanki."

"A kanta ne."

"Shekara goma sha ɗaya. Yara suna bin 'yata a makaranta suna buɗe baki. Wata mata daga birni ta shigo nan ta ce, kai ne Lyle na gaske? Ta ce wallahi kuna kama. A gaban matata!"

"Kuna kama kam."

"Kin gani ko? Fita."

Ba ta fita ba. Ta tsaya tana kallon tsiran, domin ba za ta iya faɗa tana kallon fuskarsa ba. Ta gaya masa komai, shayin safe, baiwar Allah, matar da ta je kasuwa shekara uku ba ta dawo ba, da minti ashirin ɗin. Ta gaya masa ainihin kalmomin da Clarrie yake faɗa.

Lyle ya daɗe yana goge wuƙar da ba ta da datti.

"Wato sunanki ba ya fita sai da nawa."

"Haka abin ya zo."

"Sa ido a kan Lyle." Ya ja tsaki. "Tsohon banza. Ko hankalinsa ya tafi sai ya zage ni." Ya jefa tsumman a kan teburi. "Rana ɗaya. Kin ji? Ɗaya. Kuma ba zan sa safar ruwan hoda ta ƙafar tsuntsu ba."

Ya sa safar ruwan hoda. Babu wata.

Ƙarfe uku saura minti biyar motoci uku suka sauke baƙi sama da ɗari, ga mutanen gari da suka rufe shaguna suka zo kallo. Glenys ta tsaya a wurinta. Clarrie na gefenta da bokiti, yana murmushin da yake yi wa baƙin fuska.

Sai ga su sun fito daga bayan shagon kifi a jere. An yi fukafukan da zannuwan gado, an manna musu gashin matasan kai da gam. Bakunan na kwali ne, tsawon hannu, an ɗaure da roba a ƙeya, a ƙarƙashin kowanne an ɗinka hular wanka a matsayin jakar maƙogwaro. A ƙafa kuma takalman ninkaya masu faɗi, waɗanda ba a tafiya da su gaba sai an ɗaga gwiwa har ciki. Noelene ce a gaba, tana ihu tun kafin ta iso. Ma'aikacin gidan waya ya taka fiffiken mai kantin magani, su biyun suka tafi ƙasa. Lyle na can baya, ƙato, gumi na bin safarsa, gashi na tashi daga jikinsa kamar an fasa katifa.

Sai wata tsohuwa a benci na gaba ta fashe da dariya har haƙoran robarta suka motsa, daga nan kowa ya ɗauka.

Glenys ta ɗaga lasifika. Bakinta ya san hanya.

"Barkanku da zuwa Brannock. Wannan mai hayaniyar ita ce Noelene. Kada ku miƙa mata hannu, tana cizo."

Noelene ta kai wa wani mai ɗaukar hoto sara da bakin kwali, da gaske ba da wasa ba. Aka yi tafi.

Glenys ta jefa kan kifi na farko. Ya bugi mai kantin magani a goshi. Na biyu ya faɗa ruwa. Na uku ya shiga hular wankan Noelene daidai, nauyinsa ya ja bakin ƙasa har ta durƙusa. Can sai ga Fada Dominic ya taho shi kaɗai, minti bakwai a makare, ya hau kan turke da taimakon mutum biyu, ya rufe ido, ya tsaya cak. Mutanen gari suka ce ko tsuntsun bai kai shi iyawa ba.

Duk wannan Glenys da gefen ido take kallon mijinta. Bai motsa ba. Yana riƙe da bokitin da hannu biyu, goshinsa a tattare. Ta fara karaya. Ta ce a ranta, na tara dattawan gari na mai da su abin dariya a banza.

Lyle ma yana kallonsa ta saman bakin kwalin. Ya ja dogon numfashi. Ya ɗaga gwiwa, ya taka, ya sake takawa, ya ratsa ta bayan ma'aikacin gidan waya, ya je gefen Noelene. Sai ya zura bakinsa cikin hular wankanta. Bakin kwali ba ya kama komai, don haka ya ture shi gefe, ya sunkuya, ya ɗauko ɗanyen kan kifin da haƙoransa na gaske. Ya miƙe da shi a baki, idon kifin na kallon jama'a, Noelene na dukansa da fiffike tana kiransa ɓarawo, jikan ɓarayi.

Gadar ta kusa karyewa da ihu.

A cikin ihun nan Glenys ta ji an taɓa gwiwar hannunta.

"Glenys."

Ta sauke lasifikar. Ba ta juya ba, don tana tsoron in ta juya abin zai gudu.

"Glenys, kada ki kalle shi kai tsaye," in ji Clarrie, murya ƙasa ƙasa, bakinsa kusa da kunnenta. "Wancan ba tsuntsu ba ne. Lyle ne, mahauci."

"Haba?"

"Na rantse miki. Dubi ƙafafunsa. Kansa ya taɓu, bawan Allah. Ya ɗauka shi kwasakwasa ne." Ya girgiza kai cike da tausayi. "Mutum da shagonsa da iyalinsa."

"To me za mu yi?"

"Kada ki gaya masa. In kin gaya musu gaskiya kuka suke yi. Ki bi shi a yadda yake, haka ake yi da su." Ya tona cikin bokitin ya zaɓo kai mafi girma, ya sa mata a hannu. "Ba shi wannan. Ki kira shi da daɗin rai."

Idanunta suka cika har ba ta ganin turakun. Daɗi ne da baƙin ciki suka haɗu mata wuri ɗaya, ba ta san wanda za ta fara ji ba. Ta share fuska da bayan hannu, ta shafa wa kanta ƙarnin kifi.

"Me ka ce sunana?"

"Kin kurumce ne, Glenys? Jefa masa, yana jira."

Ta jefa. Lyle ya tare da ƙirji, ya rungume da fukafukai biyu. Ya matso kusa da su sosai yanzu, da wancan kan har yanzu a bakinsa, yana numfashi da ƙyar ta hanci.

Clarrie ya miƙa hannu ya shafa masa kafaɗa, a hankali, yadda yake shafa tsuntsun da ƙugiya ta ji wa ciwo.

"Yawwa, mutumina. Ci abinka, ba mai korar ka." Sai ya juyo wurin matarsa. "Gobe ma mu zo, Glenys. Kullum mu riƙa zuwa. Irin wannan ba a barinsa shi kaɗai."

Glenys ta dubi Lyle. Rana ɗaya suka yi da shi, kuma mai fara'ar nan na birni ya ce wataƙila shekara biyu. Ba ta roƙe shi ba, ba ta da fuskar roƙo kuma.

Lyle ya tofar da kan kifin a cikin hular wankansa. Ya dubi tsohon da ya raɗa masa sunan ɓarawo, ya dubi hannun da ke kan kafaɗarsa. Sai ya jawo bakin kwalin ya mai da shi daidai kan hancinsa, ya ɗaga shi sama, ya sauke, sau biyu.

"Za mu zo," in ji Glenys.